Filin Tambaya da Amsa: Yaran hokin ƙanƙara da ake raina wa, wa zai ba da mamaki kafin dirafti?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin da suka fi yawa duk a kan hokin ƙanƙara ne, musamman matasan da ke jiran ƙungiyoyin NHL su ɗauke su, to shi ya sa na ware musu filin gaba ɗaya. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni sabon shiga ne a kallon wasan nan, ina ta jin ana cewa wai wane ya hau, wane ya faɗo a lissafin dirafti. Dan Allah mene ne diraftin, kuma wa ke hawar da su ko ya sauko da su? Daga wani ɗalibinka.

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. NHL dai ita ce babbar gasar hoki ta duniya, kulob 32 ne tsakanin Amurka da Kanada, kuma su ba sa renon yara tun suna ƙanana a akademi kamar yadda kulob-kulob na ƙwallon ƙafa ke yi a Turai. Yaro zai taso ne a gasannin matasa, idan ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na wannan shekarar sai ya shiga sahun waɗanda za a iya zaɓa. Wajen ƙarshen Yuni ake zaman, zagaye 7, kowane kulob da damarsa a kowane zagaye, kaga ana maganar yara 224 kenan. Waɗanda suka yi baya a tebur su ke fara zaɓa, sai dai na farko-farkon ana yin ƙuri'a a kansu. Wanda ya kira sunanka, wannan kulob ɗin ne ke da haƙƙin ba ka kwantiragi.

Shi kuma hawa da sauka, akwai wani ofishi na NHL ɗin mai suna Central Scouting da aka kafa tun 1975, aikinsu kenan bin yara suna kallo. A farkon kaka wajen Oktoba sukan fitar da jerin farko su raba yaran A da B da C, A na nufin ana ganin ɗan zagayen farko ne, B zagaye na biyu ko na uku, C kuma can ƙasa. Sai jeri na tsakiya a Janairu, na ƙarshe a Afrilu. Amma fa ka riƙe wannan, kowane kulob yana da nasa masu farautar 'yan wasa da nasa lissafi na sirri da ba ya nuna wa kowa, jerin da muke gani a intanet hasashe ne kawai. Shi ya sa a 2019 da Detroit suka kira sunan Moritz Seider ɗan Jamus a na 6 mutane suka yi ta mamaki, shi kansa yaron sai da ya nuna mamaki a fuskarsa, alhali su Detroit sun daɗe da yanke shawara. A 2022 shi ne ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa.

TAMBAYA: Salam Malam. Kowa ya san yaran da ke saman jeri, su ba a buƙatar wani ya faɗa mana. Ni abin da nake so in koya shi ne yaya mutum zai gane yaron da ke ƙasa yanzu amma zai iya tashi kafin Yuni? Akwai alamomi ko dai sa'a ce kawai? Daga wata mai bibiyar filin nan.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, wallahi wannan ita ce tambayar da na fi so a duk cikinsu, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Akwai sa'a a ciki ba shakka, amma ni a ganina yawancin yaran da ake cewa sun ba da mamaki dama can suna da abin, wani dalili ne ya rufe su. Aikinki shi ne ki nemo dalilin. Idan kin ga yaro makinsa kaɗan ne, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, kafin ki wuce ki tambayi kanki me ya sa.

Abu na farko da nake dubawa shi ne minti nawa koci ke ba shi. Wasan minti 60 ne, amma ba wanda ke yin duka sai mai tsaron raga, 'yan gaba layi huɗu ne suna karɓa-karɓa. Na layin farko zai iya samun wajen minti 20, na layi na huɗu wataƙila ko 10 bai samu ba, kuma idan aka hukunta ɗan wasan abokan hamayya aka fitar da shi na minti biyu, wanda lokacin ne ake tara maki cikin sauƙi, manyan ne ake turawa. To a gasannin matasa na Kanada, wato OHL ta Ontario da WHL ta yamma da QMJHL ta Kwibek da gabas, 'yan shekara 16 zuwa 20 ne ke wasa tare, yaro ɗan 17 da ya faɗa ƙungiya mai ƙarfi sai ya tarar da 'yan 19 da 20 sun tare masa gaba. Ki sa ido a irin wannan yaron a lokuta biyu. Na ɗaya ƙarshen Disamba, lokacin da manyan ke tafiya gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 wadda ake farawa 26 ga Disamba, dole koci ya matso da ƙananan gaba. Na biyu a Janairu bayan ƙungiyoyi sun gama musayar 'yan wasa, waɗanda suka fid da rai da kofi sukan saki manyansu. Yaron da aka ba shi wuri a waɗannan makonnin ya riƙe gam bai saki ba, to shi ne mutuminki.

Na biyu ranar haihuwa, kuma mutane na raina wannan sosai. Tunda layin a 15 ga Satumba yake, yaron da aka haifa 20 ga Satumba da wanda aka haifa 10 ga Satumba na shekarar da ta biyo baya dirafti ɗaya za su shiga, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu, kuma a wannan ƙuruciyar shekara guda ba wasa ba ce wajen ƙashi da tsoka da natsuwa. Auston Matthews an haife shi 17 ga Satumba 1997, kwana biyu kacal suka hana shi shiga na 2015 sai ya jira 2016. A ɗaya ɓangaren kuma ga Jett Luchanko na Guelph, haihuwar Agusta 2006, yana cikin ƙananan ajinsu, ba a sa shi a sama ba da farko amma Philadelphia suka ɗauke shi na 13 a 2024. Idan yara biyu makinsu ya zo kusa, ni na ƙaramin nake bi.

Na uku rauni ko rashin samun wasa. Mark Stone a shekarar diraftinsa a ƙungiyar Brandon ya sha fama da rauni, wasa 39 ya buga ya samu maki 28, ga kuma ana ta cewa ba shi da gudu a ƙanƙara, sai Ottawa suka ɗauke shi na 178 a 2010. Kakar da ta biyo baya da ya samu lafiya maki 106 ya tara. Shi ne kyaftin ɗin Vegas da suka ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2023, a wasan ƙarshe ma uku ya jefa. Wyatt Johnston kuma labarinsa ya fi ban mamaki, korona ta sa aka soke kakar OHL ta 2020 zuwa 2021 gaba ɗaya, bai buga komai ba sai wasa 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 18 a Texas, kuma can ma aikin tare gida aka fi ba shi. Dallas suka ga abin da suka gani a wannan ɗan lokacin suka ɗauke shi na 23, shekara na zagayowa ya yi maki 124 a Windsor.

Sai kuma gasar da yaron ke ciki. Masu farauta mutane ne, inda hanya ta fi sauƙi nan suka fi zuwa, kuma ko sun je ƙaramar gasa sukan ce ai da yara marasa ƙarfi yake wasa. Cale Makar a Brooks Bandits yake, gasar matasa ta lardin Alberta wadda ke ƙasa da WHL, a farkon kaka matakin C aka ba shi, kafin Yunin 2017 Colorado sun ɗauke shi na 4, yau kuma in ana lissafa 'yan bayan da suka fi kowa a duniya da shi ake farawa. Jamie Benn ma daga irin wannan gasar ta British Columbia ya fito, na 129 a 2007.

Abu na ƙarshe, kar ki duba jimillar makin kaka kawai, ki raba ta biyu ki ga rabin farko da rabin ƙarshe. Beckett Sennecke na Oshawa ya ƙara tsawo sosai cikin ɗan lokaci, ya ɗau lokaci kafin ya saba da sabon jikinsa, farkon kaka ba a cika maganarsa ba, amma ya gama da ƙarfi sannan a wasannin neman kofi ya yi maki 22 a wasa 16. Anaheim suka kira shi na 3 a 2024, duk wanda ya ga bidiyon ya ga yadda ya miƙe baki buɗe yana kallon iyayensa. Yaron da makinsa ke hawa a Maris da Afrilu ya fi min wanda ya yi wuta a Oktoba ya lafa.

TAMBAYA: Malam ni fa abin da ke ci min rai shi ne yadda ake yi wa gajerun yara. Yaro zai fi kowa cin ƙwallo amma a bar shi har zagaye na biyu ko na uku wai don ba shi da jiki. Wannan adalci ne? Daga wani ɗan'uwanku.

AMSA: Ɗan'uwa ni ma yana ci min rai, kuma tarihi yana bayanka. Alex DeBrincat ya ci 51 a kakarsa ta farko a Erie, aka ce ai don yana wasa gefen tauraro Connor McDavid ne, McDavid ya tafi ya sake cin 51, duk da haka sai na 39 Chicago suka ɗauke shi a 2016 saboda tsawonsa ƙafa 5 da inci 7 ne. A kakarsa ta biyu a NHL 41 ya ci. Johnny Gaudreau, Allah sarki, wanda ya rasu a 2024, na 104 ne a 2011. Lane Hutson shi har takardar likita ya kai wajen gwajin da ake yi wa yaran a Buffalo kafin dirafti, don ya nuna ƙashinsa bai gama girma ba, amma ina, sai da ya zauna har na 62 kafin Montreal su kira shi a 2022. A 2025 ya yi maki 66 yana ɗan baya, ya ɗauki kyautar gwarzon sabbi.

Amma bari in faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren, su ma masu zaɓen ba mugunta ce ke sa su ba. A NHL ana haɗa mutum da bango da ƙarfi, sama da wasa 80 ake yi kafin ma a shiga neman kofi, kuma gajerun da suka yi fice a matasa suka kasa a sama suna da yawa, sunayensu ne ba a tunawa. Abin da ke raba su shi ne ƙafa da kai. Gajeren da ke juyawa da sauri, yana ɗaga kai ya duba kafaɗarsa tun kafin faifan, wato ƙwallon hoki, ya iso sandarsa, ya riga ya san inda zai tura, wannan da wuya a same shi a tsaye balle a buge shi. Wanda kuwa yake tsayawa a gefe yana jiran a kawo masa, ba ya shiga gaban raga inda ake shan duka, shi ne ke ɓacewa.

Kuma ƙafa ana gyara ta. Brayden Point ya yi maki 91 a Moose Jaw, aka ce gajere ne kuma gudunsa bai kai ba, Tampa suka same shi a na 79 a 2014. Ya duƙufa aiki da Barb Underhill, wadda tsohuwar zakarar duniya ce a rawar ƙanƙara, ta gyara masa takunsa, ya koma cikin masu saurin da ake tsoro, ya ɗauki kofi 2020 da 2021. Don haka in ka ga an rubuta wa yaro cewa matsalarsa gudu ce amma kai akwai, ni ba na cire shi daga lissafi. In aka ce yana da gudu da jiki amma ba ya karanta wasa, nan ne nake ja baya, don wannan koyar da shi ya fi wuya nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Gafarta Malam, ni ban yarda da wannan hawan na ƙarshen kaka ba. Yaro ya yi sati biyu yana haskawa a gasar duniya sai a manta da wata shida da aka yi ana kallonsa. Ba ruɗi ba ne? Daga wani tsohon mai kallo.

AMSA: Yallaɓai maganarka tana kan hanya, kuma ba zan ce maka a'a kai tsaye ba. Gasar 'yan ƙasa da 18 da ake yi wajen Afrilu ita ce kusan kallo na ƙarshe, manyan shugabannin kulob da ba su samu zuwa ko'ina ba duk kaka nan suke hallara, abin da suka gani da idonsu kuma ya fi zauna musu fiye da rahoton da aka rubuto musu. Ga shi wasa bakwai ne in an je ƙarshe. A 2018 Jesperi Kotkaniemi ɗan Finlan ya tashi sosai a ƙarshen kaka, Montreal na neman ɗan tsakiya suka ɗauke shi na 3, Brady Tkachuk ya tafi na 4, Quinn Hughes na 7, kuma har yau magoya baya ba su daina wannan lissafin ba.

Inda na saɓa da kai shi ne, wani lokacin gajeriyar gasar ce kaɗai wurin da za a ga yaron a matsayinsa na gaskiya. Ɗauki yaran Turai, da yawansu da manyan maza suke wasa a gasar ƙasarsu, ana ba su 'yan mintuna a layin ƙarshe. Juraj Slafkovsky a TPS ta Finlan maki 10 ya yi a wasa 31, in ka tsaya a nan ka ce ba komai, amma a Olamfik ta Beijin 2022 yana ɗan 17 ya ci 7 a wasa 7, ƙasarsa Silobakiya ta samu tagulla, aka ba shi gwarzon gasar. Montreal suka ɗauke shi na 1, Shane Wright da aka shekara ana cewa shi ne na 1 ya gangaro na 4. Nico Hischier ma haka, biyun da ya jefa wa Amurka a gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2017 sun ɗaga shi, amma shi dama yana ta zuba maki a Halifax tun farkon kaka, ya zama ɗan Siwizalan na farko da aka ɗauka na 1. To abin da zan ce shi ne, in gasar ta tabbatar da abin da dama ake hangowa jefi-jefi, na yarda da ita. In kuwa yaron bai taɓa nuna irin wannan ba sai a wannan satin biyun, ina tare da kai, a bi a hankali.

TAMBAYA: Malam me ya sa ba a cika ɗaukar masu tsaron raga da wuri ba?

AMSA: Saboda su ne suka fi wuyar hasashe, kuma sukan daɗe kafin su nuna, da yawa sai sun kai 23 ko 24. Tun Marc-Andre Fleury a 2003 ba a sake ɗaukar gola a na 1 ba. Shi ya sa in kana neman wanda aka raina, cikinsu za ka fi samu. Henrik Lundqvist na 205 ne a 2000. Pekka Rinne na 258 a 2004 lokacin ana zagaye 9, yana zaman benci a Karpat ta Finlan bayan Niklas Backstrom. Connor Hellebuyck daga wata ƙaramar gasa a Odessa ta Texas Winnipeg suka tsinto shi na 130 a 2012, a 2025 har gwarzon NHL gaba ɗaya ya zama. Dustin Wolf kuma ya yi ta tare ƙwallaye a Everett amma aka ce ƙafa 6 ya yi kaɗan ga gola, ya zauna har na 214 cikin 217 a 2019, yaron ya ga kusan kowa ya tashi ya bar shi kafin Calgary su kira shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Idan aka gama zagaye bakwai ba a kira sunan yaro ba, shikenan tasa ta ƙare? Daga wata uwa mai son wasanni.

AMSA: Wa'alaikis salam Hajiya. Sam ba ta ƙare ba. Zai iya sake shiga shekara mai zuwa da wadda ke bi mata, kuma irin waɗannan suna cikin waɗanda na fi so a sa wa ido don kowa ya riga ya kau da kai daga gare su. Tanner Pearson sau biyu ana wuce shi, na uku Los Angeles suka ɗauke shi na 30 a 2012, bayan shekara biyu yana ɗaga kofi da su. Pavel Datsyuk ma sau biyu aka wuce shi, mai farautar Detroit Hakan Andersson ɗan Suwidin wani ɗan baya mai suna Dmitri Kalinin ya je kallo a Rasha sai idonsa ya faɗa kan wani siririn yaro a ɗaya ƙungiyar, suka ɗauke shi na 171 a 1998, yanzu yana cikin zauren girmamawa na hoki. Akwai ma waɗanda ba a taɓa zaɓarsu ba kwata-kwata, Martin St. Louis ya zama gwarzon NHL a 2004 kuma ya ci kofi a shekarar, Artemi Panarin ya zo daga Rasha yana da shekara 23 ya ci kyautar sabbi a 2016.

Kuma Hajiya yanzu hanya ta ƙara buɗewa. A da yaron da ya buga a manyan gasannin matasa na Kanada ba a barinsa ya buga wa jami'a a Amurka, sai a Nuwamba 2024 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta canza dokar, ta fara aiki Agusta 2025, har Gavin McKenna ya bar Medicine Hat ya koma jami'ar Penn State. Ga yaron da aka wuce, wannan na nufin in ya gama da matasa yana da wasu shekarun a jami'a, yana karatu yana ƙara ƙarfi, wasanninsu kuma ba su kai yawan na matasa ba don haka akwai lokacin atisaye sosai. Idan ya yi kyau a can, kulob-kulob za su zo nemansa a watan Maris ko Afrilu da zarar kakar jami'a ta ƙare, kuma tunda ba wanda ke riƙe da haƙƙinsa, shi ne zai zauna ya zaɓi inda yake ganin zai fi samun wurin wasa.

Sauran tambayoyin da suka shigo kan dokar faɗa a fili da yadda ake canjin 'yan wasa ana cikin wasa, in sha Allahu sai mako mai zuwa.